Tarihin Koyar da Ma'anar Kalmomin Turanci

Al'adar zama da littafi don koyon ma'anar kalmomin Turancin Ingilishi ta haura shekara 400, kuma Turawan Ingila ne da kansu suka fara buƙatarta tun kafin baƙi, domin harshensu ya cika da kalmomin da wanda ya tashi da shi tun yana goye ba ya ganewa sai an yi masa bayani. Tushen Turanci harshen ƙabilun Angles da Saxons ne, waɗanda suka ƙetaro daga arewacin Turai zuwa tsibirin Birtaniya tun daga ƙarni na 5. A shekarar 1066 William, sarkin Normandy, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har kusan shekara 300, talakawa kuwa suka ci gaba da nasu a gona da kasuwa. Latin shi ne harshen coci da na makaranta. Da waɗannan suka cakuɗu, sai Turanci ya fito da kalmomi hawa-hawa a kan abu guda. Tambaya tana da "ask" ta gida, da "question" da ta shigo daga Faransanci, da "interrogate" ta Latin. Hawa sama yana da "rise" da "mount" da "ascend". Yaro yana tsintar ta farko a bakin uwarsa, sauran biyun kuwa sai ya shiga makaranta ko ya buɗe littafi.

Abin ya ƙaru bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476. A ƙarni na 16 masu fassara littattafan likitanci da shari'a da falsafa daga Latin da Girkanci suka ga Turanci ba shi da kalmomin da za su ɗauki wannan ilimi, sai suka riƙa aro dubbai-dubbai. Sir Thomas Elyot, wanda ya wallafa The Governour a 1531, yana cikin masu yin haka da gangan, yakan kawo baƙuwar kalma ya haɗa ta da sananniya a jimla ɗaya don mai karatu ya fahimta. Wasu malamai abin bai yi musu daɗi ba. John Cheke na jami'ar Cambridge yana ganin a bar Turanci da kayansa, Thomas Wilson kuma a littafinsa na balaga na 1553 ya shirya wata wasiƙar ba'a da ya cika ta da irin waɗannan kalmomi don ya nuna muninsu. Laƙabin da aka yi musu a lokacin shi ne kalmomin kurtun tawada, wato waɗanda ba sa fitowa sai daga alƙalamin mai son a ce ya yi karatu. Da yawa daga cikinsu sun mutu, irin su "eximious" da "illecebrous". Amma cikin waɗanda Wilson ya yi wa dariya akwai "celebrate" da "capacity" da "dexterity", waɗanda yau ɗalibin sakandare ba ya rasa gamuwa da su. Babu wanda ya iya sanin wacce za ta rayu, kuma kafin a tantance, mai karatu yana buƙatar mai yi masa jagora.

Malaman makaranta ne suka fara amsa wannan buƙata. Richard Mulcaster ya jera kalmomi kusan 8,000 a littafinsa Elementarie na 1582 ba tare da ma'ana ba, ya kuma yi kira da a samu wanda zai tattara kalmomin Turanci ya bayyana su. Edmund Coote ya sa ɗan gajeren jeri mai ma'anoni a ƙarshen littafinsa na koyar da yara a 1596. Sai a 1604 Robert Cawdrey, wanda ya taɓa koyarwa a garin Oakham, daga baya ya zama limamin coci har aka tuɓe shi saboda saɓani da shugabannin cocin Ingila, ya fitar da A Table Alphabeticall. Shi ake lissafawa a matsayin ƙamus na farko da ya bayyana Turanci da Turanci. Ƙaramin littafi ne mai kalmomi wajen 2,500, kuma kwafi ɗaya tak na bugun farko ya rage, yana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford.

Cawdrey bai sa kalmomi irin su gida ko ruwa ko kare ba, don a ganinsa kowa ya san su. Abin da ya tara shi ne kalmomi masu wuya da ake yawan amfani da su, waɗanda aka aro daga Latin da Girkanci da Faransanci da Ibrananci, ya sa wa kowacce fassara ta kalma ɗaya ko biyu, ya kuma yi wa na Girkanci da na Faransanci alama. A shafin farko ya ambaci waɗanda ya yi wa littafin: mata masu daraja da duk wanda bai yi zurfin karatu ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin makarantun da ake koyar da Latin a lokacin na 'ya'ya maza ne. Namijin da ya sha Latin yana ganin "interrogate" zai gane ta daga tushenta, matarsa kuwa da ta iya karatun Turanci zalla sai ta tsaya cak a wa'azin coci ko a littafin addini. Tsarin abacada ma baƙo ne ga masu karatunsa, har sai da ya yi musu bayani cewa kalmar da ta fara da harafin farko a nemi ta a farkon littafi, wadda ta fara da na ƙarshe-ƙarshe a duba ƙarshe.

Kusan shekara 100 ana tafiya a kan wannan turba, kowane sabon ƙamus yana kwasar na baya ya ƙara. John Bullokar, wani likita a garin Chichester, ya fitar da nasa a 1616 da kalmomi wajen 5,000. Henry Cockeram ya biyo baya a 1623, Thomas Blount, wanda lauya ne, ya kawo Glossographia a 1656 da kalmomi kusan 11,000 tare da asalinsu. Bayan shekara biyu Edward Phillips ya fitar da nasa, wanda Blount ya zarge shi da kwashe masa aiki har da kurakuransa, ya ma wallafa littafi a kan haka a 1673. Na Cockeram ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Kashi na biyu na littafinsa juyin na farko ne: mutum ya nemo kalmar da ya sani ta yau da kullum, littafin ya ba shi wata doguwa da zai sa a madadinta don maganarsa ta yi nauyi. A nan ne sana'ar ta fara karkata. Cawdrey ya so mai karatu ya gane abin da ake faɗa masa, Cockeram kuwa ya ba shi makamin da zai sa wasu su kasa gane shi. Wannan ɗabi'a ta dogon Turanci ba ta taɓa barin masu koyon harshen ba, kuma ta ɓata wa ɗalibai da yawa lokaci wajen haddace kalmomin da ba za su sake gamuwa da su ba.

A farkon ƙarni na 18 tunani ya sauya. Wani ƙamus na 1702, wanda aka fi danganta shi ga John Kersey, ya shigar da kalmomin yau da kullum, ya kai wajen 28,000. Nathan Bailey ya ƙara a 1721 zuwa kusan 40,000. Sai Samuel Johnson, wanda ya ƙulla yarjejeniya da wasu masu sayar da littattafai na Landan a 1746, ya yi aiki da mataimaka shida a ɗakin saman gidansa, ya fitar da ƙamusunsa a watan Afrilun 1755 da kalmomi fiye da 42,000. Babban abin da ya kawo shi ne misali. A ƙarƙashin kowace kalma ya jera ma'anoninta da lamba, ya kawo jimlolin da marubuta suka yi amfani da ita, jimla sama da 100,000 gaba ɗaya. Ta haka aka ga a fili cewa ƙananan kalmomi ne suka fi wuyar kamawa, domin "take" kaɗai ta ci ma'ana fiye da 100. Amma Johnson ya rubuta ne don masu ilimi irinsa. Bayanin da ya yi wa "network", wadda ba ta wuce saƙar raga ba, ya shahara saboda ya cika shi da kalmomin Latin da suka fi ita kanta wuya. Mai koyo da ya buɗe irin wannan ƙamus yakan shiga neman kalma ɗaya ya fito da uku da bai sani ba.

Ƙarni na 19 na manyan ayyuka ne. Noah Webster ya fitar da ƙamusun Turancin Amurka a 1828 da kalmomi 70,000. Peter Mark Roget, wanda likita ne, ya jera kalmomi bisa ma'anarsu a 1852 don marubuci ya samu zaɓi. Ƙungiyar nazarin harshe ta Landan ta fara shirin babban ƙamusun Oxford a 1857, James Murray ya karɓi ragamarsa a 1879, ba a kammala ba sai 1928, da kalmomi sama da 400,000. Duk girman waɗannan ayyuka, ba su amsa tambayar da ta fi damun malamin aji ba: cikin wannan tarin, wacce za a fara koya wa yaro, wacce za ta jira, wacce kuma ba sai ya sani ba?

Wanda ya yi fice wajen neman amsar ta hanyar ƙidaya shi ne Edward Thorndike, masanin halayyar ɗan Adam a kwalejin horar da malamai ta jami'ar Columbia a New York. Shi da mataimakansa suka bi rubuce-rubuce masu kalmomi kusan miliyan huɗu da rabi, daga Baibul da tsofaffin littattafan adabi da littattafan yara da jaridu da wasiƙu, suna ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito, duk da hannu. Sakamakon shi ne The Teacher's Word Book na 1921, mai kalmomi 10,000 da aka jera bisa yawan fitowarsu. A 1944 shi da Irving Lorge suka faɗaɗa shi zuwa 30,000. Ƙidayar ta nuna abin da ake zato: 'yan kalmomi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan kowane shafi, sauran dubban kuwa jefi-jefi suke leƙowa. Tana da nata rauni. Yawan tsofaffin littattafai a cikin abin da aka ƙirga ya ɗaga wasu kalmomin da aka daina faɗa, sannan ƙidayar farko ba ta bambanta ma'anonin kalma ɗaya ba, ta yadda "bear" ta dabba da "bear" ta ɗaukar nauyi suka zama abu guda.

Gyaran ya zo daga malaman da ke koyar da Turanci a ƙasashen da ba harshensu ba ne, kuma babu wanda ya kai Michael West tasiri a cikinsu. West ya tafi yankin Bengal na Indiya a 1912 a matsayin jami'in ilimi, ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Dhaka. Abin da ya gani shi ne yawancin yara suna barin makaranta tun kafin su kammala, kuma Turancin da aka koya musu an tsara shi ne kamar kowa zai kai ƙarshe, don haka wanda ya fita a tsakiya yakan tafi hannu rabbana. Ya ce a auna kowace shekarar karatu da abin da yaro zai iya amfana da shi ko da a ranar ya daina zuwa. Abin da ya fi saurin samuwa kuma ya fi daɗewa, a ganinsa, shi ne iya karatu, domin wanda ya iya karatu zai ci gaba da koyo shi kaɗai.

Da ya duba littattafan da ake amfani da su, sai ya tarar kusan kowane layi da sabuwar kalma, yaro bai gama da wannan ba wata ta faɗo masa. Ya sake rubuta labaran bisa ƙa'idoji biyu. Na farko, duk inda akwai tsohuwar kalma ta adabi ya musanya ta da wadda ake amfani da ita: "island" a madadin "isle", "nothing" a madadin "nought", "before" a madadin "ere". Na biyu, ya tsawaita labarin ya baza sababbin kalmomi a cikinsa, ta yadda yaro zai karanta gomomin kalmomin da ya sani kafin ya haɗu da baƙuwa ɗaya, kuma baƙuwar za ta sake dawowa sau da yawa a shafukan da ke biye. Ya bayyana gwajin da ya yi a rahotonsa na 1926, kamfanin Longmans kuma ya fara buga jerin New Method Readers jim kaɗan bayan haka. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da The New Method English Dictionary, wanda ya bayyana kalmomi da maganganu wajen 24,000 da kalmomi 1,490 kacal. Wannan ne karon farko da mai ƙamus ya ɗaure kansa da alkawarin cewa bayani ba zai fi abin da ake bayyanawa wuya ba. Littafin ya bazu a makarantun ƙasashen da Ingila ta mulka, har a Nijeriya waɗanda suka yi makaranta a tsakiyar ƙarnin da ya wuce suna kiransa da sunan mai shi kawai, Michael West.

A daidai wannan lokaci C. K. Ogden na Cambridge ya fito da Basic English, tsari mai kalmomi 850 da ya ce sun isa a faɗi komai. Ya samu magoya baya, har Winston Churchill ya yaba masa a jawabinsa na jami'ar Harvard a 1943. West ya yi adawa da shi, kuma yana da hujja: rage aikatau zuwa 18 yana tilasta wa mai magana ya riƙa zagaye-zagaye da haɗe-haɗen da ba su fi sauƙi ga baƙo ba. Gidauniyar Carnegie ta tara masana a New York a 1934 da Landan a 1935, cikinsu da West da Thorndike da Harold Palmer da Lawrence Faucett, suka fitar da rahoto a 1936. Daga wannan rahoto West ya gina A General Service List of English Words na 1953, kalmomi kusan 2,000 da suka zama tushen koyar da Turanci na shekaru masu yawa. A gaban kowace kalma an nuna kashi nawa cikin ɗari na amfaninta ya faɗa kan wace ma'ana, don malami ya san wadda zai fara da ita.

A Japan kuma wani ɓangaren aikin ke tafiya. Palmer ya isa can a 1922, ya jagoranci wata cibiyar binciken koyar da Turanci a Tokyo, A. S. Hornby kuma ya zama abokin aikinsa. Su suka lura cewa ɗalibi yana iya sanin ma'anar kalma sarai ya kasa sa ta a jimla, domin kowace kalma tana da abokan tafiyarta. Bature yana cewa "make a mistake", ba ya cewa "do a mistake". "Depend" tana neman "on" a bayanta. "Advice" da "furniture" da "equipment" ba sa karɓar jam'i, abin da har yau yake kayar da ɗalibai a Nijeriya. Ɗan harshe ba ya buƙatar a faɗa masa waɗannan, shi ya sa ƙamusun da aka yi dominsa bai damu da su ba. Hornby da E. V. Gatenby da H. Wakefield suka shirya ƙamus da ke nuna duk wannan, da misalai gajeru a ƙarƙashin kowace ma'ana. Kamfanin Kaitakusha ya buga shi a Tokyo a 1942 ana tsakiyar yaƙi tsakanin Japan da Ingila, maɗaba'ar jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948. Shi ne ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda da wuya a shiga ɗakin malamai na wata sakandare a Kano ko Zariya ba a tarar da shi a kan tebur ba.

A Amurka kuwa tsohuwar kasuwar kalmomi masu wuya ce ta farfaɗo da sabon kaya. Jarrabawar shiga jami'a ta SAT, wadda aka fara a 1926, ta ba tambayoyin ma'anar kalma babban matsayi, aka kuma yaɗa ra'ayin cewa yawan kalmomin mutum shi ke ɗaga shi a wurin aiki. Wilfred Funk da Norman Lewis suka fitar da littafin da ya yi alkawarin ƙarfafa kalmomin mai karatu cikin kwana 30 a 1942. Funk ya fara shafin gwajin kalmomi a mujallar Reader's Digest a 1945, Lewis kuma ya wallafa Word Power Made Easy a 1949, wanda ake sayarwa har yanzu. Salon shafin Funk sananne ne: kalma ɗaya, ma'anoni huɗu, a zaɓi daidai, amsa tana bayan shafi. Yana da daɗi kamar wasa, yana da sauƙin ba da maki, amma abin da yake aunawa shi ne gane kalma idan an gan ta, wanda shi ne mataki na farko kawai na saninta.

Wannan salo shi ɗalibin Nijeriya ya fi sani. A Arewa da Hausa ake koyarwa a makarantar boko da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, Turanci kuwa sai a manyan azuzuwa da Kwalejin Katsina da aka kafa a farkon shekarun 1920. Ƙamusun Bargery na 1934 an yi shi ne musamman don mai neman Hausa, sai a shekarun 1960 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a Zariya, Roxana Ma Newman kuma ta wallafa nata babba a 1990. Da hukumar WAEC ta kafu a 1952, JAMB kuma a 1978, tambayoyin zaɓen kalma mafi kusa da ma'ana da kuma kishiyarta suka zama ginshiƙin jarrabawar Turanci. Ɗalibai suka riƙa haddace jerin kalmomi daga littattafai irin su First Aid in English da The Student's Companion, masu himma kuma suna ajiye ɗan littafi suna rubuta duk sabuwar kalmar da suka tsinta a jaridar New Nigerian ko a rediyo, su je su gwada ta a ƙungiyar muhawara ta makaranta. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar da almajiran zaure suka daɗe suna bin littafin Muƙama kalma bayan kalma don su tara lugga. Mai ɗan littafin ya fi mai haddar jeri riba, domin shi ya tsinci kalmarsa a cikin jimla, da abokan tafiyarta a gefe.

Shigowar kwamfuta ta sauƙaƙa aikin da Thorndike ya yi da hannu. Ƙamusun Longman na 1978 ya ɗauki dabarar West, ya taƙaita bayaninsa ga kalmomi 2,000. A jami'ar Birmingham John Sinclair ya jagoranci aikin COBUILD, inda aka zuba miliyoyin kalmomi na rubutu da magana a kwamfuta, mai shirya ƙamus ya riƙa ganin kalma a ɗaruruwan jimloli na gaske kafin ya rubuta ma'anarta. Ƙamusun ya fito a 1987, ya jera ma'anoni bisa wadda aka fi amfani da ita, ya kuma yi bayani da cikakkiyar jimla irin yadda malami zai faɗa a aji.

Daga nan hankalin masu bincike ya koma kan kalmomin tsakiya, waɗanda suka wuce na hira amma ba su kai na ƙwararrun wani fanni ba. A 2000 Averil Coxhead ta jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ta ƙirga rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi miliyan uku da rabi, ta fitar da dangin kalmomi 570 da ba sa cikin jerin West amma suna fitowa a kowane fanni, ko shari'a ko kasuwanci ko kimiyya. Irin su ne "assume" da "establish" da "significant" da "derive" da "interpret". Su kaɗai suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na shafin littafin jami'a, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasu daga Latin da Girkanci suke. A 2002 Isabel Beck da abokan aikinta a Amurka suka kasa kalmomi hawa uku, suka ce lokacin malami ya fi dacewa da hawa na biyu, na irin su "reluctant" da "coincide". Paul Nation kuma ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko labari ba tare da taimako ba yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin, wanda ke nufin dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Kalmomi 2,000 na farko suna kai mutum wajen kashi 80 ne kawai, wato a kowace kalma biyar ɗaya baƙuwa ce, kuma galibi ita ce ke ɗauke da nauyin maganar.

Wuyar rukunin kalmomin tsakiya ta fuska biyu ce. Kalmominsa ba sa fitowa da yawan da za a tsince su haka nan ba da niyya ba, kuma sun yi yawan da malami ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya a aji ba. Shi ya sa hanyoyin da suka tabbata suke haɗa abubuwa: yawan karatu a matakin da bai fi ƙarfin ɗalibi ba, kamar yadda West ya tsara, da maimaita kalma bayan tazarar kwanaki, dabarar da ta samo tushe daga binciken Hermann Ebbinghaus kan mantuwa a 1885, wadda Sebastian Leitner ya mayar da ita akwatin katuna a 1972, yanzu kuma manhajojin waya ke yi. Sanin tushen Latin yana taimakawa ƙwarai, domin wanda ya san "spect" na nufin dubawa zai riƙe "inspect" da "spectator" da "prospect" cikin sauƙi. Amma tushe yana taimaka wa tunawa ne fiye da hasashe: asalin "manufacture" yi da hannu ne, yau kuwa aikin inji take nufi, don haka ƙamus bai zama abin ajiyewa ba.

Masu shirya jarrabawa ma sun bi sahu. SAT ta cire tambayoyin kishiyar kalma a 1994, ta cire na kwatanta kalmomi a 2005, a 2016 kuma ta bar kalmomin da ba a cika gani ba ta koma tambayar abin da kalmar da aka saba da ita take nufi a cikin wani sakin layi. Bugu na 10 na ƙamusun Hornby, wanda ya fito a 2020, ya yi wa kalmomi 5,000 alama ta musamman: 3,000 na tushe, da ƙarin 2,000 ga ɗalibin da ya wuce matakin farko.